Shanu, Ruwa da Mutane a Ƙasar Dutse: Tarihin Kuɗi da Haɗin Kai Wajen Tsaron Lafiya

Gabatarwa

A watan Disamba na 2019 ma'aikatun Gwamnatin Tarayya guda uku, watau ta Lafiya da ta Aikin Gona da ta Muhalli, suka ƙaddamar da wani tsari na shekara biyar wanda aka raɗa wa suna "Lafiya Ɗaya". Abin nufi da wannan suna shi ne, lafiyar mutum da ta dabbarsa da ta ƙasar da suke zaune a kanta a sarƙe suke, ba a iya tsare guda a bar sauran. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da ke kama ɗan Adam daga dabbobi suka samo asali, haka kuma kimanin kashi 75 cikin 100 na sababbin da ke ɓullowa.

Sunan dai sabo ne, amma al'amarin ya girme shi da nisa. Makasudin wannan lacca shi ne bin sawun al'amarin a ƙasar Dutse da kewayenta, watau Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun har zuwa fadamun Haɗejiya, daga 1890 zuwa 'yan shekarun nan. A kowane mataki za a yi tambayoyi uku. Wa ya biya kuɗin aikin? Wa ya haɗa kai da wa? Me ya faru sa'ad da kuɗin ya yanke? Amsoshin sun shafi ɗalibi, sun kuma fi shafar ma'aikacin da ke rubuta kasafin kuɗi, gama a hannunsa ne ake yanke wa allurar rigakafi hukunci tun kafin ta isa ruga.

Ƙasar da Dabbobinta

Wanda ya je Birnin Kudu ya duba Dutsen Mesa da Dutsen Habude zai ga zanen shanu a jikin duwatsu, waɗanda labarinsu ya kai ga masana a cikin shekarun 1950. Shanun da aka zana ba su da tozo. Wannan kuwa abin lura ne, domin shanu marasa tozo, irin muturu da ake samu a kudancin ƙasar nan, suna jure wa sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa dabba. Shanu masu tozo, irin bunaji da rahaji da suka cika garke daga baya, ba su da wannan juriya. Ashe ke nan tun zamanin da ba a rubutu, irin saniyar da mutum zai iya kiwo ya danganta ga irin dajin da ke kusa da shi da irin ƙudan da ke cikin dajin.

Ƙasar kanta kashi biyu ce. Akwai jigayi da tuddai inda ake noma gero da dawa da gyaɗa da riɗi, akwai kuma fadamun kogin Haɗejiya da na Jama'are inda ruwa ke kwanciya bayan damina. Da damina makiyayi yana tudu, da rani ya gangara fadama, a kan hanyarsa kuwa ya zauna a gonar manomi shanu su ci kara su bar taki. Burtali da mashaya da kasuwar kara su ne suka ɗinke wannan zama. Su ne kuma hanyoyin da cuta ke bi, domin inda shanun gari goma suka sha ruwa ɗaya, abin da ke jikin guda ya zama na kowa.

Shekarar Sannu

A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a Masawa, a gaɓar Bahar Maliya, ɗauke da ciwon bushiya. Cutar ta mamaye Habasha, ta yi yamma ta ƙasar Sudan, ta iso yankin Tafkin Chadi da ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891. A wurare da yawa kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na shanu suka mutu. Wani hafsan Faransa mai suna Monteil, wanda ya iso Kano a ƙarshen 1891 ya kuma wuce Kukawa a 1892, ya rubuta irin ɓarnar da ya tarar a ƙasashen da ya ratsa. Fulani suka sa wa wannan annoba suna "Sannu", domin gaisuwar jaje ita ce ta cika bakin mutane.

Bushiya ba ta kama mutum, ko da yake ƙwayarta 'yar'uwar ƙwayar ƙyanda ce ta kusa. Duk da haka ta kashe mutane ta bayan gida. Nono da man shanu suka ɓace, takarkarin ɗaukar kaya ya yi wuya, gona ta rasa taki, mai garke ɗari ya wayi gari ba shi da ko maraƙi. Waɗansu Fulani suka zauna suka kama noma, waɗansu suka bazama neman iri a inda cutar ta rage. A ƙasar Kano kuwa ba a gama wannan jaje ba sai ga Yaƙin Basasa a 1893, wanda Yusufawa suka kafa sansaninsa a Takai, maƙwabciyar Dutse. Shekara goma bayan haka, a 1903, Turawa suka ci Kano.

A wancan lokaci babu wata hukuma da ta biya kuɗin kome. Makamin makiyayi shi ne gudu da garkensa daga inda aka ji cuta, gudun kuwa sau da yawa shi ke kai ta gaba. Abin da ya farfaɗo da kiwo shi ne zumunci, watau al'adar ba ɗan'uwa aron saniya har ta haihu ya sami iri. Wannan shi ne asusun farko na tallafin annoba a ƙasar, ba a kuwa rubuta shi a takarda ba.

Jangali da Allura

Turawa sun tarar da jangali, suka tsara shi ya zama kuɗi a kan kowace saniya, ana karɓa ta hannun hakimai da ardo-ardo, ana zubawa a Baitulmali. Da bushiya ta sāke dawowa wajen 1913 zuwa 1914, da kuma 1919 zuwa 1920, Gwamnati ta ga abin da ke raguwa a asusunta. Saniyar da ta mutu ba ta biyan jangali, fatarta kuma ba ta hawa jirgin ƙasa zuwa Ikko. Saboda haka aka kafa sashen kula da dabbobi a Zariya gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'an nan a 1924 aka mai da shi Vom, inda aka fara haɗa magungunan rigakafi. Aka buɗe sansanonin allura a larduna, aka horar da malaman dabbobi na En'e, ana biyansu daga Baitulmali.

Wannan tsari yana da ƙarfi, yana da rauni. Ƙarfinsa shi ne kuɗin na gida ne, yana shigowa kowace shekara, wanda ke karɓa kuma yana da dalilin son shanu su rayu. Rauninsa shi ne hukumar da ke ƙirga shanu don allura ita ce ke ƙirga su don jangali. Makiyayi da ya kawo shanu ɗari sansani ya san an ga ɗari. Don haka sai ya kawo waɗansu ya ɓoye waɗansu, waɗanda aka ɓoye kuwa su ne mafakar cuta. Ban da wannan, allurar farko, wadda ake haɗa ƙwayar cuta mai rai da ruwan jinin kariya, takan kashe waɗansu dabbobi, takan kuma tsare garke a sansani kwanaki da yawa. Sai a cikin shekarun 1940, da aka samu allurar da aka raunana ƙwayarta a jikin akuya, aikin ya yi sauƙi. Darasin dai ya tsaya: in babu amana tsakanin mai allura da mai dabba, kuɗi ba ya sayen rigakafi.

Ƙudan Tsando

Tsando shi ne ya tilasta wa likitan mutane da likitan dabbobi zama a kan tabarma guda, domin ƙuda ɗaya ne ke sa wa mutum ciwon barci ya sa wa saniya sammore, mazauninsa kuwa kurmin bakin kogi. A farkon shekarun 1920 aka fara bincikensa a Sherifuri ta ƙasar Katagum, daga baya aka koma Gadau, kusa da iyakar Jigawa ta yau. A nan ne masanin ƙwari T. A. M. Nash ya yi aiki a cikin shekarun 1930. Tsakanin 1931 da 1940 ma'aikatan ciwon barci sun duba mutum fiye da miliyan 3 a Arewa, suka sami kusan 400,000 ɗauke da cutar.

Daga wannan ne aka haifi aikin Anchau a Lardin Zazzau. A 1937 Asusun Raya Ƙasashen Mulkin Mallaka na Ingila ya ba da fam 95,000 don aikin shekara biyar. Aka tara likita da masanin ƙwari da malamin gona da na daji da na dabbobi da mahaƙa rijiya a ƙarƙashin shiri ɗaya. Aka sassare kurmin rafuka, aka haƙa rijiyoyi masu siminti don mutane su daina zuwa rafi, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Ciwon ya ragu ƙwarai. Sai dai an yi aikin da umarni, an ta da mutane daga ƙauyukansu, talakawa kuma su ne suka yi saran daji a ƙarƙashin dokar ciwon barci ta 1937. Haɗin kan na ma'aikata ne a tsakaninsu, talaka kuwa abin da aka nema daga gare shi biyayya ce.

Daga tsakiyar shekarun 1950 aka koma fesa maganin DDT a inda ƙudan ke hutawa, aka fara daga Komadugu Gana, aka bi sauran kogunan da ke gangarawa Tafkin Chadi. Tsando ya ƙare a waɗannan kwaruruka, fadamun da dā ake tsoro suka buɗe. Amma da ƙuda ya tafi sai manomi da makiyayi suka shigo tare, kowa yana ganin wurin nasa ne. Dokar Wuraren Kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta zo don raba wannan gardama, amma kaɗan ne daga wuraren aka shata aka kuma tabbatar a doka. An biya kuɗin kashe ƙuda, ba a biya kuɗin tsara zaman da zai biyo baya ba. Rigingimun da ake yi a fadamun Guri da Kirikasamma suna da saiwa a wannan giɓi.

Taron Kano na 1961

A 1961 likitocin dabbobi na ƙasashen Afirka da wakilan masu ba da taimako suka taru a Kano, suka amince cewa babu ƙasar da za ta iya kawar da bushiya ita kaɗai, tun da saniya ba ta san iyaka ba. Wanda ya taɓa ganin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda dabbobin Nijar da na Nijeriya ke cuɗanya, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Daga taron aka fito da Shirin Haɗin Gwiwa na 15, wanda aka fi sani da JP15. An fara shi a 1962 a ƙasashe huɗu na kewayen Tafkin Chadi: Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Asusun Raya Ƙasashe na Turai da hukumar taimako ta Amurka suka ba da kuɗi, gwamnatocin ƙasashen suka ba da ma'aikata da nasu kason.

Dabarar mai sauƙi ce. A yi wa kowace saniya allura shekara uku a jere, a huda kunnenta don shaida, a kuma yi aikin a lokaci ɗaya a kowane gefe na iyaka, yadda wanda ya tsere daga Gumel zai tarar da masu allura a Magarya. An kuma dace da sabuwar allurar da Walter Plowright ya haɗa a Kenya, wadda ba ta kashe dabba, kariyarta kuma ta har abada ce. Kafin shirin ya ƙare a 1976 ya game ƙasashe 22, an yi wa shanu fiye da miliyan 70 allura. Bushiya ta yi ƙasa har matasan makiyaya suka tashi ba su san kamanninta ba.

Da Aka Saki Igiya

A cikin yarjejeniyar akwai sharaɗi: bayan masu taimako sun janye, kowace ƙasa za ta ci gaba da yi wa maruƙan kowace shekara allura da kuɗinta, ta kuma riƙa sa ido. A nan gizo ya yi saƙa. A Nijeriya an raba Jihar Arewa a 1967, ma'aikatar dabbobi guda da ke Kaduna ta zama shida. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e da Baitulmalinta. A 1979 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, wadda Dutse ke cikinta a lokacin. Talakawa sun yi murna, suna kuwa da hujja, gama an sha zaluntarsu wajen karɓa. Amma ba a kafa wata tabbatacciyar hanyar kuɗi ta lafiyar dabbobi a gurbinsa ba. Arzikin man fetur ya sa saniya ta daina zama abin da Baitulmali ke dogara da shi, abin da ba a dogara da shi kuwa ba a cika tuna shi ranar kasafi ba. Mota ta lalace ba a gyara ba, firjin ajiye allura ya rasa kananzir.

Cutar kuwa ta sami maɓoya biyu, ɗaya a kan iyakar Mali da Muritaniya, ɗaya a kudancin Sudan da Habasha. Daga ƙarshen shekarun 1970 ta fara fitowa. A 1983 ta shigo Nijeriya da ƙarfi ta gabas, ta ƙasar Barno, ta tarar da garkunan da yawancin shanunsu an haife su bayan allura ta tsaya. Dubban ɗaruruwa suka mutu, an kuma ƙiyasta asarar Nijeriya kaɗai da dala biliyan 2. Abin ya zo daidai da fari na 1983 zuwa 1984 da tsuke bakin aljihun Gwamnati bayan faɗuwar farashin mai. Kuɗin da aka ƙi kashewa a kan maruƙa bai kai ko kusa da wannan asara ba. Rigakafi ya fi magani, in ji Hausawa, a nan kuwa ma babu maganin.

Sai aka sāke sabon lale. A 1986 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ƙaddamar da sabon yaƙi da bushiya da kuɗin Tarayyar Turai. A 1987 aka ga cutar karo na ƙarshe a Nijeriya. An koyi abubuwa biyu a wannan karo. Na farko, a bi cutar har maɓoyarta a tabbatar ta mutu, kada a tsaya ga ƙirga yawan allura. Na biyu, a sa makiyaya cikin aikin, domin su ne suka san inda cuta take. Da aka samu allurar da ke jure zafi wajen 1990, aka horar da 'ya'yan makiyaya suna yi da kansu a wuraren da mota ba ta zuwa. An ga bushiya karo na ƙarshe a duniya a Kenya a 2001, a 2011 kuma aka shelanta ƙarewarta. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya shafe daga doron ƙasa, bayan agana a 1980.

Ruwa

Kashi na uku na al'amarin shi ne ƙasa da ruwanta. Bayan farin 1972 zuwa 1974 aka kammala madatsar Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Sun ba Kano ruwan sha, sun ba Kadawa noman rani. Amma sun canza halin kogin Haɗejiya. Dā kogin yakan cika ya yi ambaliya da damina, ya bushe da rani. Bayan madatsu sai ambaliyar ta ragu, ruwa kaɗan kuma ya riƙa gudu duk shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kachala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta sa waɗansu gonaki suka nutse, waɗansu suka bushe. A cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana su fito su cinye shinkafa da gero. Ruwan da ke kwance yana renon sauro, yana renon dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ga yara da ciwon hanta ga shanu.

A nan za a ga yadda shawara guda ta injiniyan ruwa ta zama aikin likita da na malamin dabbobi da na malamin gona, alhali babu wanda ya nemi ra'ayinsu, babu kuma wanda ya ƙara musu kasafi. Ribar madatsa tana sama, wahalarta tana ƙasa, tun 1991 kuwa, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, sama da ƙasa ba su cikin jiha ɗaya. An yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. A 1987 aka fara aikin kiyaye dausayin Haɗejiya da Nguru da taimakon ƙungiyoyin waje. A 2006 jihohi shida, Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka haɗu a Damaturu suka amince da kafa asusun amana na kula da kogin tare da Gwamnatin Tarayya. A 2008 aka sa dausayin Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. Ambaliyar 2020 da ta 2022, waɗanda suka cinye gonaki da gidaje a Jigawa, sun nuna cewa aikin da saura.

Daga Murar Tsuntsaye zuwa Lafiya Ɗaya

A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Kafin 2008 ta kai jihohi 25 da Abuja, kaji fiye da miliyan ɗaya suka mutu ko aka kashe. A Janairun 2007 ta kashe wata mata a Ikko. Da yake duniya na tsoron cutar ta koma annobar mutane, kuɗi ya zo da sauri: Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50, aka kafa kwamitoci na likitocin mutane da na dabbobi da ma'aikatan yaɗa labarai tun daga Abuja har ƙananan hukumomi. Hankali ya koma kan dausayin Haɗejiya, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu. Diyyar farko ita ce naira 250 a kan kowace kaza, abin da bai kai kuɗinta a kasuwa ba. Mai kaji da ya ga haka sai ya gwammace ya sayar da su da sauri tun ba a ji ba. Wannan ɓoyon shanu ne na zamanin jangali ya dawo da sabuwar riga. Daga baya aka ƙara diyyar. Cutar ta lafa a 2008, aikin rance ya ƙare, a 2015 kuma ta dawo.

A 2010 wani darasi ya zo daga Zamfara, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Mutanen ƙauyukan sun lura agwagi sun fara mutuwa tun kafin yara, amma babu hanyar da labarin agwagwa zai bi ya kai teburin likita. Irin waɗannan abubuwa ne suka haifi tsarin 2019. A 2022 hukumomin duniya huɗu, na lafiya da na abinci da na lafiyar dabbobi da na muhalli, suka ƙulla yarjejeniyar aiki tare, aka kuma kafa Asusun Annoba a ƙarƙashin Bankin Duniya. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Raya Kiwo. A Jigawa, gwamnatin Sule Lamido ta kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya, ta kuma shata wuraren kiwo da burtali. Amma a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar taimakonta, wadda tun zamanin JP15 ake jingina da ita. Wanda ya san abin da ya biyo bayan 1976 ba zai ɗauki wannan labari da wasa ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa huɗu.

Na farko, kuɗin waje yakan zo da tsoro, ya tafi in tsoro ya kwanta. Ya iya fara yaƙi, amma gadin bayan yaƙi, watau albashin malamin dabbobi da man babur da wutar firji da duba nama a kwata, na kasafin jiha da ƙaramar hukuma ne. Kowane aiki da za a karɓa daga waje ya kamata a rubuta tun ranar farko wanda zai ɗauki nauyinsa ranar da ya ƙare, a kuma sa shi cikin kasafi.

Na biyu, haɗin kai ba ya tsayawa a ofis. Anchau ta haɗa ma'aikata ta bar talaka, JP15 ya haɗa ƙasashe ya bar ardo, nasara ba ta tabbata ba sai da aka ba makiyayi matsayin abokin aiki. Mai dabba zai faɗi gaskiya in ya tabbata faɗin ba zai talauta shi ba, saboda haka diyya mai adalci kuma a kan lokaci tana cikin kayan rigakafi.

Na uku, aiki tare yana rage tsada. A Chadi, daga shekarar 2000, an riƙa tura masu allurar yara da masu allurar shanu cikin mota ɗaya zuwa rugage, kuɗin aikin ya ragu, yaran da ba a taɓa kaiwa gare su ba suka samu. Babu abin da zai hana a yi haka a rugagen Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, inda tarin shanu da bakkale ke iya bin nonon da ba a dafa ba, haukan kare kuma ke bin cizo.

Na huɗu, madatsa da hanya da gonar rani shawarwarin lafiya ne, ko da ma'aikatar ayyuka ce ta zartar da su. A ji ta bakin likita da malamin dabbobi da mutanen ƙasan kogi kafin a zuba siminti.

Akwai jarrabawa a gaba. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da annobar awaki da tumaki, 'yar'uwar bushiya, allurarta kuma tana nan. Akuya ita ce bankin mace a karkarar Dutse, da ita ake sayen magani, da ita ake kai yaro makaranta. Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutse a 2011 tana da ɗaliban da za su iya tattara labarin cuta daga kasuwar Shuwarin da mahautar gari su kai inda ya dace. Sauran aikin yana hannun masu riƙe da alƙalamin kasafi a sakatariyar jiha da ta ƙananan hukumomi 27, waɗanda za su yanke ko allurar shekara mai zuwa tana da kuɗi ko ba ta da shi. Allah ya ba su ikon yin daidai.